Mitar Maƙwabciya: Wata Shida Ina Bin Haƙƙina a Kamfanin Wutar Lantarki a Ingila

A watan Satumba na shekarar 2021 na tare da iyalina a birnin Leeds da ke arewacin Ingila, inda na je ƙarin karatu. Mun kama hayar saman wani tsohon gidan jan bulo da aka raba biyu, mu a bene, a ƙasa kuma wata dattijuwa Baturiya da ke zaune ita kaɗai tun bayan rasuwar mijinta. Ranar da wakilin mai gidan ya miƙa mini mabuɗai, ya buɗe wani ɗan kabad a zaure ya nuna mini mitoci biyu na wutar lantarki, ya ce wadda aka manna wa lamba 2 ita ce tamu. Wani Alhaji mutumin Katsina da ya daɗe a garin ya riga ya gargaɗe ni cewa kada in kwana a sabon gida ban ɗauki hoton mita ba, saboda haka na fito da waya na ɗauka. Da yake mitocin suna manne da juna, hoton ya kama su duka biyun, da lambobinsu da abin da kowace ta nuna a wannan rana.

A Ingila mutum ne yake zaɓar kamfanin da zai riƙa sayar masa da wuta da gas, kuma yawancin gidaje suna ba kamfanin izinin cirar kuɗi iri ɗaya daga asusun banki kowane wata, bisa ƙiyasin abin da za su sha a shekara. Wanda ba shi da mita mai aika bayani da kanta, shi ne zai riƙa duba lambar yana tura musu, kuma haka na riƙa yi a farkon kowane wata ba fashi. Kuɗin da ake cirewa ya yi ta hawa, amma ban yi zargin komai ba, domin lokacin kowa kuka yake yi. Kamfanonin makamashi kusan talatin sun durƙushe tsakanin 2021 da 2022, a watan Afrilun 2022 hukumar Ofgem mai sa ido a kan harkar ta ɗaga iyakar farashi da kashi 54 cikin ɗari, a watan Oktoba kuma sai da gwamnati ta shigo ta tsayar da kuɗin matsakaicin gida a kan fam 2,500 a shekara, ta kuma rage wa kowane gida fam 400 a tsawon watanni shida na sanyi. Duk sa'ad da na ga takardar kuɗi ta yi nauyi, sai in ɗora laifin a kan yaƙin Yukren, mu ƙara kashe fitilu, uwargida ta rage amfani da tanda.

Abin da ya tona asirin shi ne tafiyar da muka yi Birmingham a hutun ƙarshen shekarar 2022. Kwana goma muka yi, kuma kafin mu fita mun kashe komai ban da firji. Da muka dawo na duba mita domin in tura lambar sabon wata, sai na ga ta ci sama da yunit 300 a gidan da babu kowa a cikinsa. Uwargida ce ta fara cewa, "Malam, ruwa ba ya tsami banza. Anya wannan mitar tamu ce kuwa?" Mu da gas muke ɗumama ɗakuna, ita kuwa dattijuwar ba ta da gas, da hita ta lantarki take yini take kwana, ga shi an yi matsanancin sanyi a wannan Disamba. Na sauka na ƙwanƙwasa mata ƙofa, na roƙe ta ta kashe hitocinta na minti biyar. Kowace mita tana da wata 'yar jar fitila da ke ƙiftawa gwargwadon wutar da ake ja. Tana kashewa sai fitilar mitar da ake kira tamu ta lafa, da uwargida ta kunna butar shayi da dutsen guga a sama kuma, sai ta ɗaya mitar ta fara ƙiftawa da sauri. Wata goma sha biyar ke nan muna biyan kuɗin wutarta, ita kuma tana biyan namu, kuma a kamfani ɗaya muke.

Washegari na buga wa kamfanin waya da cikakkiyar natsuwa, domin a ganina magana ce a fili wadda ba ta bukatar gardama. Na yi kusan minti arba'in ina sauraron kiɗa kafin wata mata ta ɗauka, kuma gaskiya ban taɓa jin ma'aikaci ya karɓe ni da laushin harshe irin nata ba. Ta ba ni haƙuri a kan jiran da na yi, ta ba ni haƙuri a kan abin da ya faru, ta ce ta fahimci irin damuwar da wannan zai jawo wa mai iyali, ta gode mini da na sanar da su, sannan ta ce za ta miƙa maganar ga sashen da ke kula da mitoci, za a kira ni cikin kwanakin aiki goma. Na ajiye waya na ce wa uwargida an gama. A inda na tashi, idan mutum ya ba ka haƙuri har sau uku, ya kuma kira sunanka ya ce ya ɗauki maganarka, to ya ɗaura wa kansa nauyi ke nan, zai ji kunyar haɗuwa da kai bai cika ba. Da wannan kunnen na saurare ta.

Kwana goma suka wuce babu kira. Na sake bugawa, wani mutum dabam ya ɗauka, ya ba ni haƙuri da kalmomi kusan iri ɗaya, ya ce bai ga wani bayani a kan asusuna ba, in sake faɗa masa daga farko. A cikin mako shida na buga waya sau bakwai, na yi magana da mutum bakwai, babu ɗaya da ya yi mini tsawa ko ya nuna gajiya da ni, babu kuma ɗaya da ya gyara komai. A farkon Fabrairu aka sake cire kuɗi daga asusuna bisa mitar maƙwabciya. A kira na shida raina ya ɓaci, na ɗaga murya, ban zagi kowa ba, amma na yi magana yadda ake yi a gida idan an ga ana neman raina wa mutum hankali. Saurayin da ke kan layin bai canza sautinsa ba, ya ce mini idan na ci gaba da magana da wannan murya dokar aikinsa ta ba shi damar katse kiran. Nan take na sauko, domin na gane cewa fushin da a kasuwar Sabon Gari zai tara mutane a yi sulhu, a nan hujja zai zama ta rufe mini ƙofa. Ko a asibiti da tashar jirgin ƙasa da kantuna akwai allunan da ke sanar da cewa ba a yarda a ci zarafin ma'aikaci ba, kuma ina ganin dacewar hakan, domin wanda ke amsa waya ba shi ya haɗa mitocin ba, ba a kuma ba shi ikon raba su ba. An ba shi jerin kalmomin da zai faɗa da 'yan mintocin da zai sallami kowane kira, shi ke nan.

A ɗakin shan shayi na sashenmu na ba abokan karatu labarin, kuma amsoshinsu sun daɗe a raina. Wata Ba'amurkiya ta yi mamakin cewa har na kai kira bakwai ban nemi a haɗa ni da manaja ba. Ta ce a ƙasarsu tun a kira na biyu za ta ce za ta bar kamfanin, ta kuma rubuta abin da suka yi mata a intanet kowa ya gani, domin a can mai saye yana ɗaukar kyakkyawar hidima a matsayin abin da ya biya kuɗinsa. Ta bayyana mini cewa a gidajen abinci na Amurka mafi ƙarancin albashin da dokar tarayya ta yanka wa ma'aikacin da ke samun tukuici dala 2.13 ne a awa, bai motsa ba tun 1991, ko da yake jihohi da dama sun ɗara haka, saboda haka abincin mai kawo maka faranti yana rataye ne a kan tukuicin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari da za ka bari. Murmushin da ake yi maka a can yana da farashi, kuma kowa ya san haka. Ko maganar nan da ake yawan faɗa cewa mai saye kullum shi ne mai gaskiya, ana danganta yaɗuwarta a Ingila da Ba'amurke Harry Gordon Selfridge, wanda ya buɗe katafaren kantinsa a titin Oxford na Landan a 1909.

Wani Bajamushe kuma cewa ya yi kuskurena shi ne waya. A ƙasarsu, in ji shi, mai kanti ba zai yi maka fara'ar da ba ta kai zuci ba, ranar Lahadi ma yawancin kantuna a rufe suke, har Jamusawa da kansu suna da wata kalma da suke zargin ƙasarsu da ita, mai ma'anar hamadar da babu hidima a cikinta. Amma idan magana ta taso, wasiƙa ake rubutawa, a aika ta gidan waya ta hanyar da za a sa hannu a karɓa, a yanka wa kamfani wa'adi da kwanan wata, kuma ana girmama wannan wa'adi. Ɗan Ingila ɗaya tilo da ke wurin ya girgiza kai ya ce haka kamfanonin nan suke, sannan ya faɗa mana cewa shi kansa wani kamfani ya riƙe masa kuɗi tun bara bai bi ba, domin ba ya son tayar da ƙura.

Wannan kalma ta rashin son tayar da ƙura na sake jin ta a bakin maƙwabciyata, na kuma ji ta a wurare da yawa bayan haka, har na fahimci cewa ginshiƙi ce a zaman mutanen ƙasar. Na sha ganin an kawo wa Bature abinci ya huce, ya yi ta gunaguni ƙasa-ƙasa da wanda suke tare, amma da ma'aikaci ya zo ya tambaya ko komai lafiya, sai ya ce lafiya ƙalau, ya gode, ya biya, ya fita, ba zai sake taka wurin ba. Idan ka taka ƙafar mutum a bas, shi ne zai riga ka ba da haƙuri. Kalmar ban haƙurin nan tasu tana aikin da sannu take yi a Hausa, wato gaisuwa ce da tausasawa, ba ta nufin mai faɗarta ya amsa laifi ko ya ɗauki alkawari. Mu muna cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma na yarda da haka a tarbar baƙo, amma ni a wannan lokaci tabarmar nake bukata, ga fuska an shimfiɗa mini har sau bakwai.

Bayan sallar Juma'a na sami Alhajin nan na Katsina na zayyana masa komai. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ƙanena, kana ta gaisawa da su ne kawai, ba ka shigar da ƙara ba. Mutanen nan ba sa jin maganar baki, takarda suke ji. Ka kira Citizens Advice ranar Litinin." Wannan ƙungiya ce ta ba da shawara kyauta da aka kafa tun 1939, kuma tana da layi na musamman na masu matsala da kamfanonin wuta da gas. Matar da na samu a can ta yi mini bayanin da ya canza tafiyar gaba ɗaya. Ta ce akwai ƙa'idojin 2008 da suka wajabta wa kamfanonin makamashi su ɗauki duk wani nuna rashin gamsuwa a matsayin ƙorafi, saboda haka a bisa doka tun kirana na farko ya kamata a buɗe mini fayil, sai dai tabbatar da abin da aka faɗa a waya yana da wuya. Ta ce in rubuta, in sa kalmar "complaint" a kan takardar ƙarara, in nemi lambar ƙorafi, domin daga ranar agogo zai fara bugawa. Idan mako takwas suka cika ba a warware ba, ko kamfanin ya ba ni wasiƙar da ke cewa ya kai iyakar abin da zai iya yi, ina da damar kai maganar ofishin Energy Ombudsman, mai shiga tsakani wanda mai ƙorafi ba ya biyansa ko kwabo.

A daren na zauna na rubuta wasiƙa ta shafi ɗaya. Na cire duk wata doguwar gaisuwa da duk wata kalmar fushi. Na sa lambar asusuna, da lambar jikin mitar da ke kan takardar kuɗinmu, da lambar jikin mitar da gwaji ya nuna ita ce tamu, da ranakun kira bakwai da na ciro daga wayata. Na haɗa hoton ranar tarewa da ɗan bidiyon gwajin butar shayi, na kuma rubuta abubuwa uku da nake nema: a turo ma'aikaci ya tabbatar da mitocin, a sake lissafi tun daga Satumban 2021, a mayar mini da rarar kuɗina. Na aika ta imel a mako na uku na Fabrairu. Cikin kwana biyu aka ba ni lambar ƙorafi da sunan ma'aikaciya ɗaya da za ta riƙe maganar, abin da kira bakwai ba su samar mini ba.

Bayan mako uku ta kira ni, ita ma da ladabi matuƙa, ta ce kamfanin yana so ya ba ni fam 30 a matsayin alamar kyautatawa saboda wahalar da na sha, sashen mitoci kuma zai ci gaba da bincike, ta tambaya ko na amince a rufe ƙorafin a kan haka. Na kusa amsawa, domin a tarbiyyarmu mayar da hannun kyauta baya abin kunya ne, kuma abin ya yi mini kama da gyaran da mai awo yake ƙara maka bayan an gama ciniki. Amma gyara bayan an cika mudu ake yin sa, a nan kuwa mudun ko rabi bai kai ba. Irin wannan kuɗi kamfani yana bayar da shi ne ba tare da amsa laifi ba, kuma da na yarda an rufe fayil ɗin, da na koma layin masu jiran kira. Na gode mata, na ce ina so ƙorafin ya zauna a buɗe har sai an gyara mitar, na kuma bi da imel a ranar ina maimaita abin da muka faɗa. Tun daga nan duk maganar da aka yi da ni a waya sai na mayar da ita rubutu kafin in kwanta.

Abin da ya fi damuna a wannan tsakanin shi ne maƙwabciyata. Duk fam ɗin da za a mayar mini, a kanta zai koma, ga ta tsohuwa mai rayuwa da kuɗin fansho, kuma haƙƙin maƙwabtaka ba abin wasa ba ne a wurinmu. Na yi kwanaki ina tunanin ko in bar maganar. Uwargida ta dafa shinkafa da miya muka sauka tare, na yi mata bayani ban ɓoye komai ba. Ta sha roƙona in riƙa kiranta da sunanta kamar yadda suke yi, amma bakina bai iya kiran sa'ar mahaifiyata da suna ba, Mama nake ce mata, har ta saba. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce ta lura tun bara cewa kuɗinta bai kai na ƙawayenta ba, amma ba ta so ta dami kowa da tambaya. Ta ce wutar da ta sha ita ya kamata ta biya, kada in fasa saboda ita. Da na koma wa Citizens Advice da wannan damuwa, sai suka sanar da ni wata ƙa'idar Ofgem da ta fara aiki a 2018, wadda ta hana kamfani bin mutum kuɗin wutar da ya sha fiye da wata goma sha biyu baya, matuƙar kuskuren lissafin ba daga gare shi ba ne. Suka kuma ce shekarunta sun ba ta damar shiga rajistar masu bukatar kulawa ta musamman, wadda kyauta ce, kuma dole kamfanin ya duba ƙarfinta kafin ya yanka mata yadda za ta biya. Wannan bai share mata bashin duka ba, amma ya rage shi, ya kuma sa na ci gaba da zuciya ɗaya.

Mako takwas suka cika a goman ƙarshe na azumi, ba a turo kowa ya duba mita ba. Bayan an sha ruwa na buɗe shafin mai shiga tsakanin na cike fom, na ɗora wasiƙata da hotuna da duk imel ɗin da muka yi musaya. Tsarin a bayyane yake: ni na sa hujjojina, kamfanin ya sa nasa fayil, kowane ɓangare yana ganin abin da ɗayan ya kawo yana kuma iya yin martani, sannan jami'in bincike ya yanke hukunci. A cikin fayil ɗin kamfanin ne na ga cewa daga kirana bakwai, uku kaɗai aka rubuta, a cikinsu ma an rubuta ɗaya a matsayin tambaya a kan farashi. Kamfanonin ne suke ɗaukar nauyin wannan ofishi, ana cajinsu kuɗi a kan ƙarar da aka kai su, kuma idan mai ƙorafi ya karɓi hukuncin, ya zama dole a kan kamfanin ya aiwatar cikin kwana 28, shi kuwa mai ƙorafi idan bai gamsu ba yana iya ƙin karɓa ya nufi kotu. Kalmar ombudsman daga Suwidin ta samo asali, inda aka kafa irin wannan muƙami a 1809, kuma mu ma a Nijeriya muna da Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a tun 1975, hukumar NERC mai kula da wutar lantarki kuma tana da zaurukan sauraron ƙorafin masu amfani da wuta a jihohi. Na yi shekaru a gida ina karɓar takardar kuɗin wuta ta ƙiyasi ban taɓa tunanin zuwa ko ɗaya daga cikinsu ba, domin abin da na sani shi ne a nemi wanda ya san wani a ofis.

A nan ne nake ganin bambancin yake, kuma ban ɗauki ɗayan ɓangaren a matsayin wanda ya fi ɗaya ta kowace fuska ba. A Kantin Kwari, mai shagon da mahaifiyata take sayen atamfa a wurinsa shekara da shekaru yana kiranta kwastoma, ita ma tana kiransa kwastoma, kalma ɗaya ga mai saye da mai sayarwa, domin dangantaka ce ta mutum biyu. Ko da an rubuta a rasit cewa kayan da aka saya ba a mayarwa, idan turmi ya fito da aibi zai canza mata ba tare da takarda ba, saboda ya san gidanmu, ya zo sunan ƙanena, kuma yana tsoron Allah yana tsoron zubewar mutunci a layinsu. Irin wannan hidima ta fi duk abin da na gani a Ingila ɗumi da sauri. Sai dai baƙon da ya sauka daga mota yau, wanda bai san kowa ba, ba lalle ne ya same ta ba. A Leeds ni ne wannan baƙon, ban san kowa a kamfanin ba, babu mai jin kunyata, kuma abin da ya tsaya mini shi ne wa'adin mako takwas da lambar fayil, waɗanda ba su tambayi daga ina na zo ba. Abin da ke ba ni takaici shi ne hanyar tana nan a shimfiɗe, amma babu ɗaya daga cikin mutum bakwai ɗin da ya nuna mini ita, kuma 'yan ƙasar da suka san ta da yawansu sun gwammace su haƙura da asara a kan a ce sun cika ƙorafi. Wanda ya zo daga wata ƙasa, Turancinsa bai nuna ba, ko tsohon da ba ya amfani da imel, zai iya shekara yana karɓar ban haƙuri yana biyan kuɗin da ba nasa ba.

Mako biyu da shigar da ƙarar, kafin ma a yanke hukunci, kamfanin ya turo ma'aikaci. Ya buɗe kabad ɗin zaure, ya sa aka kashe babban makunnin gidanmu, ya dubi mitocin, ya rubuta lambobinsu, duka aikin bai kai minti goma sha biyar ba. Ya ce mini a tsofaffin gidajen da aka raba biyu ko uku yana yawan cin karo da irin wannan.

A farkon watan Yuni hukunci ya fito. Jami'in ya tabbatar da cewa an haɗa adireshinmu da mitar da ba tamu ba, ya kuma ce kamfanin ya gaza wajen ɗaukar kiraye-kirayena na Janairu a matsayin ƙorafi. Ya umarci a gyara rajistar mitocin, a sake lissafi tun daga ranar da muka tare, a mayar mini da rarar, a rubuto mini wasiƙar ban haƙuri, a kuma ba ni fam 100 saboda jinkiri. Hoton nan na ranar farko shi ya ba da lambar da aka fara lissafin da ita, domin babu wani wuri da aka ajiye abin da mitarmu ta gaskiya ta nuna a Satumban 2021. Na karɓi hukuncin a ranar da ya zo. Kwana uku kafin Babbar Sallah fam 1,200 da ɗoriya suka shigo asusuna, wasiƙar ban haƙurin kuma ta biyo baya ta gidan waya, sakin layi biyu, da sa hannun wani manaja.

Takardar Mama ta zo a watan Yuli. An bi ta kuɗin wata goma sha biyu kawai, an yafe sauran, an kuma raba mata biyan a kan shekara biyu bayan na zauna kusa da ita ta buga musu waya, ina nuna mata abin da za ta nema a rubuce a takarda. Da ma'aikacin ya tambaye ta ko adadin farko da ya ambata ya yi mata, ta buɗe baki za ta ce ya yi, sai ta dubi takardar, ta ce masa a'a, ya yi mata yawa, ya rage. Da yammacin ranar na sayo alƙalamin da ba ya gogewa, na ɓare tsofaffin lambobin da ke jikin mitocin, na rubuta "sama" da "ƙasa" da Turanci a jikin bangon kabad ɗin daidai kan kowace mita, ita kuma tana riƙe mini da tocila.